Hasken leza ba ƙonawa kaɗai yake yi ba

Mutane da yawa sun san leza ne da yankan ƙarfe da tiyatar ido. Shi ya sa idan aka ce da ita ake sanyaya ƙwayoyin zarra a wasu kwamfutocin kwantam, wato wani sabon nau'in kwamfuta mai lissafi da ƙananan abubuwa irin waɗannan ƙwayoyi, sai su ɗauka akwai wani ƙaton firji a ɓoye. Babu firji. Akwatin da aka zuƙe wa iska, inda ƙwayoyin suke, yana nan da ɗumin ɗaki.

Zafi a nan motsi ne kawai. Ƙwayar zarra ta rubidiyam, wani nau'in ƙarfe, a ɗumin ɗaki tana gudun kusan mita 300 a daƙiƙa. Sai a haska mata leza ta fuskoki shida, a karkatar da launin hasken kaɗan zuwa ja, yadda ƙwayar da ke tsaye ba za ta cika haɗiyarsa ba. Wadda ta nufo hasken da gudu kuwa, gudun nata ne ke gyara mata launin, sai ta haɗiye shi, shi kuma ya ɗan tura ta baya. Duk inda ta juya haka za ta tarar. Bayan dubban turi, saura ƙiris ta kai ƙarshen sanyi, wato digiri 273 ƙasa da sifiri. Wannan dabara mai ban sha'awa ce ta ba Steven Chu da Claude Cohen-Tannoudji da William Phillips kyautar Nobel a 1997.

Sai ta lafa haka ne wani siririn haske zai iya riƙe ta ita kaɗai, ya kai ta kusa da wata domin su yi lissafi tare, kamar yadda masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suka nuna a 2023.