Matan karkara ne ke tace shara, amma ba a zuwa wurinsu

Duk wanda ya taso a Kano ya san masu jakuna da ke shigowa gari da rani daga wajejen Kumbotso, Ungogo da Dawakin Kudu, su cika mangala da takin bola su kai gonaki. A yau manomi kan yi ɗari-ɗari da wannan taki, domin leda da fasassun kwalabe sun cakuɗe da shi. Jujin ƙauye bai lalace haka ba, kuma a ganina matar gida ce dalili, domin ita ke tace shara tun kafin ta bar tsakar gida.

Idan ta surfa gero, dusar ta tumaki ce. Idan ta sheƙe hatsi, ƙaiƙayin yana da wurin zuwa. Karan dawa ya zama makamashi ko danni, harawa kuma a ɗaga ta sama a adana wa dabbobi har tsakiyar rani. Tokar murhu ma ba ta zubarwa sai ta tace ruwan toka na miya, sannan ragowar ta haɗu da kashin awakin turke a juji, wanda maigida zai kwashe zuwa gona kafin saukar damina. Babu mai biyan ta ladan wannan aiki, alhali da shi ƙasar da ake nomawa shekara da shekaru ba hutu take riƙe ƙarfinta.

Abin da ya fi ƙarfin wannan tsari shi ne sharar da ba ta ruɓewa. Leda kan cushe tumbin akuya har ta kashe ta, kuma akuyar galibi jarin matar ce. Mafi muni shi ne robar maganin feshi da ake ɗauraye wa a zuba mai ko ruwan sha, alhali ɗauraya ba ta raba ta da guba.

Malaman gona akasarinsu maza ne, kuma gidan aure ba shiga, saboda haka gargaɗin yakan tsaya a zaure. Ya kamata hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Kano, wato KNARDA, ta ƙara ɗaukar mata malaman gona, a kuma kai bayanin zuwa makarantun Islamiyya na matan aure, a tanadi wuri a kowace kasuwar ƙauye da za a riƙa karɓar robobin feshi daga hannun matan.