Tafin da na yi ni kaɗai

Abokin ɗakina a jami'ar da na yi karatu a Amurka mabushi ne. Turombon yake busawa, wannan ƙahon tagulla da ake ja ana turawa. Wata uku yana hana ni barcin rana da atisaye, don haka da ya miƙo mini tikiti biyu ya ce ƙungiyar mabusan jami'a za ta yi wasa daren Alhamis, kuma kiɗan da ɗanɗanon jaz (wani salon kiɗan Amurka) a ciki, sai na ce bari in je in ga abin da ake kashe mini kunne dominsa.

Ni dai a sanina, inda aka ce kiɗa akwai rawa, inda akwai rawa kuwa akwai liƙi. Na je banki na canza dala 20 zuwa ɗai-ɗai, na sa shaddata mai maiƙo, na ɗora jibgegiyar rigar sanyi, na ja wani yayanmu mutumin Damagaram da ke digiri na uku. A hanya ya ce, "Ƙanena, in mun shiga ka riƙa kallon hannun mutane kafin ka motsa naka." Na ce, "Haba Yaya, ni da na tashi a ƙofar fadar Zazzau za a koya wa sauraron busa?"

Mabusa sun fi hamsin, duk cikin baƙaƙen kaya kamar lauyoyi, 'yan ganguna can a baya. Wata yarinya ta ɗaga wani siririn abu baƙi da ake kira obo, ta ja sauti ɗaya dogo. Nan take na tuna gida, don muryar algaita ce sak, kuma ashe dangi ne, dukansu da 'yan siraran kara biyu a baki ake busa su. Sauran suka bi ta, kowa da nasa, zaure ya cika da wani irin kukan da ban gane kansa ba. Na ce a raina wannan shi ne jaz ɗin. Suna yin shiru na zabga tafi har da "Madalla!"

Ni kaɗai.

Yaya ya sunkuyo ya ce, "Murya suke daidaitawa. Ko shugaban kiɗan bai fito ba."

Kiɗan farko kashi uku ne. Da aka gama kashin farko aka tsaya, na sake tafawa, na sake zama ni kaɗai. Wata tsohuwa da ke gabana ta juyo, ta sauke tabarau, ta nuna mini takardar shirin da yatsa: sai an kai ƙarshen na uku. Daga nan na zaune hannuwana na rantse ba zan ƙara ba.

Sai aka turo fiyano aka shiga kiɗan da wani makaɗin Amurka mai suna Gershwin ya rubuta a 1924, wanda wani abin busa da ake kira kilarinet ke buɗewa da wani kuka da ke tasowa daga ƙasa ya miƙe sama kamar jiniya. Gaskiya tsikar jikina ta tashi. Ƙafata ta fara aiki da kanta, kujerar tsohuwar nan na rawa.

Bayan hutu wani saurayi ya miƙe da saksofon, ya lumshe ido, ya yi ta murɗa sauti yana lanƙwasa shi yadda ya ga dama. Yana zama, ana tsakiyar kiɗa, zaure ya ɓarke da tafi har da fito. Ni kuwa hannuwana na ƙarƙashin cinya. Tsohuwar ta sake juyowa, wannan karon da kallon da ake yi wa mai hassada. Yaya ya ce al'adar jaz ke nan, kiɗan da baƙaƙen fatan birnin Niyu Olins suka haifa: wanda ya yi bajinta shi kaɗai, a nan take ake biyansa. Na ce, "To Yaya, yaushe ake tafi, yaushe ba a yi?" Ya ce, "Shekarata huɗu a nan, har yau hannun mutane nake kallo."

Can sai ga abokin ɗakina ya miƙe. A hannunsa na hagu akwai wata jar roba mai kama da ƙoƙo. Ya kifa ta a bakin turombon, yana buɗewa yana rufewa, ƙahon na cewa "wa-wa-wa" kamar jaririn da aka ƙwace wa nono. Na ƙura ido. Robar nan na san ta. Irin wadda ake buɗe masai da ita ce in ya toshe. Yaya ya ce mabusan Duke Ellington, wani gwanin jaz, da ita suka yi suna, ba sabon abu ba ne.

Amma fa yaron ya busa. Ban san lokacin da na miƙe da dalolina zan nufi dandamali ba. Yaya ya cafko gefen shaddata, na yi taga-taga, kuɗin suka watse a kan tsohuwar nan kamar amarya. Ta tsince su a natse, ta jera, ta miƙo mini ba ta ce uffan ba. Da na ƙirga a waje, 19 ne.

Muna isa ɗaki ko takalmi ban cire ba na wuce banɗaki. A lungun da muke jingine abin, sandar kawai na tarar.