Ritaya a gida ko a Ingila: wa zai biya kuɗin asibiti?

Duk inda Hausawan Ingila suka haɗu, walimar suna ce ko zaman bayan sallar Idi, da zarar manya sun ware gefe hira takan gangaro wuri ɗaya: "Ni dai ina yin ritaya sai gida." Wannan ya ce ya gama gini a Kano, saura fenti. Wancan ya ce shi a Madina yake fatan ƙarasa kwanakinsa. Wani ya kawo zancen Alƙahira ko Istanbul, wai rayuwa da sauƙi. A lissafa haya, a lissafa cefane, a lissafa yadda fam ke kumbura idan ya zama naira. Kuɗin ciwo ne ban cika jin an lissafa ba, alhali yawancin masu maganar tun yanzu da ƙwayar hawan jini ko ta suga suke karyawa. A ganina, wanda ya haura sittin asibiti ya kamata ya fara zaɓa, sannan unguwa.

Mutanenmu da yawa sun ɗauka shekarun da suka yi suna biyan haraji a nan sun saya musu magani kyauta har ƙarshen rai. Doka ba haka ta ce ba. Hukumar lafiya ta NHS ba fasfo take dubawa ba, ba kuma yawan harajin da ka biya ba, inda kake zaune take dubawa. Ranar da ka kwashe kayanka ka tare a Najeriya, ka zama baƙo a asibitin da ka yi shekara talatin kana zuwa, ko da jan fasfo ko shuɗi na Birtaniya ne a aljihunka. Ganin likitan unguwa da sashen gaggawa suna nan kyauta ga kowa. Amma idan aka kwantar da kai, ko aka yi maka tiyata, ko aka fara ba ka maganin ciwon daji, takardar kuɗi za ta biyo ka, kuma tun watan Afrilu na 2015 kashi 150 cikin ɗari na ainihin farashin ake cajin baƙo a Ingila. Ɗan ƙasa da ya dawo da niyyar zama yakan samu haƙƙinsa nan take. Wanda kuwa takardar zaman dindindin kawai ya riƙe, bai karɓi ɗan ƙasanci ba, idan ya yi shekara 2 a jere a waje takardar ta mutu. Wannan batun shi ya fi tsaya mini a rai, don akwai dattawanmu da suka ƙi neman fasfon tun ƙuruciya saboda kishin gida, ba su san ƙofar da suke rufe wa kansu ba.

Sai fansho. Cikakken fanshon gwamnati na sabon tsari fam 230.25 ne a mako a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, kuma za a biya ka shi a duk ƙasar da kake. Sai dai ƙarin da ake yi duk shekara ba ko'ina yake bin mutum ba. A 2023 an ƙara kashi 10.1, a 2024 kashi 8.5. Wanda ke zaune a ƙasashen Tarayyar Turai, ko Amurka, ko Turkiyya, ko Jamaika, ya samu ƙarin, domin akwai yarjejeniya. Wanda ke Najeriya ko Gana bai ga ko kwabo ba. A kan adadin da ya tafi da shi za a bar shi. Tsufa yana ƙaruwa, magani yana ƙaruwa, fansho yana tsaye.

Turawan da ke ritaya su koma Sifaniya ko Fotugal ba don rana kaɗai suke zaɓar can ba. Akwai takarda da ake kira S1, wadda mai karɓar fanshon gwamnati zai yi rajista da ita a ƙasar da ya koma, a duba shi a asibitin gwamnati kamar ɗan ƙasa, Birtaniya ta biya. Babu irin wannan tsakanin Birtaniya da Najeriya, ko Nijar, ko Masar, ko Saudiyya. 'Yan'uwanmu na Amurka ma ba su tsira ba. Inshorar tsofaffi ta Medicare, da ake shiga a shekara 65, ba ta biyan jinyar da aka yi a waje sai a wasu 'yan lokuta ƙalilan. Ɓangarenta na ganin likita dala 185 ne a wata a 2025. Idan ka ce ai ka koma gida, ka daina biya, ranar da ciwo ya dawo da kai za a ɗora maka tarar kashi 10 a kan kowace shekara da ka tsallake, kuma tarar ba ta sauka. Don haka wasu suna zaune a Abuja suna biyan inshorar da ba za su iya amfani da ita ba sai sun hau jirgi.

To a gidan fa? Duk wanda ya taɓa jinyar uwa ko uba ya san yadda abin yake. Kafin a taɓa mara lafiya an miƙo 'yar takarda: a sayo safar hannu, a sayo sirinji, auduga, ledar ƙarin ruwa, a je a biya kuɗin gwajin jini a kawo rasit. Idan jini za a ƙara, a nemo wanda zai bayar. Mai jinya ya shimfiɗa tabarma a baranda, wayarsa a hannu yana kiran dangi ɗaya bayan ɗaya. A asibitin kuɗi kuma sai an ajiye kafin alƙalami ake ba da gado. Sama da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. A Abuja shugabannin ƙasashen Afirka suka yi alƙawarin 2001 na ware wa lafiya kashi 15 na kasafin kuɗi, har yau gwamnatin tarayya ba ta kusanci wannan adadi ba.

Ba na cikin masu cewa babu likitoci a gida. Akwai ƙwararru, shi ya sa ma asibitocin nan Ingila suke cike da su. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fi shekara ashirin yana dashen ƙoda. A 2022 an sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta NHIA, ta wajabta inshora a kan kowa, jihohi kamar Kano kuma suna da nasu tsarin na taimakekeniya. Duk wanda zai koma ya yi rajista, zai rage masa nauyin zazzaɓi, awon jini da ƙananan magunguna. Amma ciwon da ke karya gida ba zazzaɓi ba ne. Ƙoda ce da za a wanke sau biyu ko uku a mako har illa masha Allahu. Ciwon daji ne, da na'urorin gashinsa ba su da yawa a ƙasar, mutum ya tashi daga jiha zuwa jiha yana neman wadda ke aiki. Shanyewar ɓarin jiki ce, wadda sa'o'in farko ke raba mai tashi da mai kwanciya, a garin da motar asibiti ba ta zuwa ƙofar gida. Kuma ƙarfin fam da muke taƙama da shi bai kai yadda muke zato ba a kantin magani, domin akasarin magungunan daga waje ake shigo da su. Bayan an saki naira kasuwa ta yanke darajarta a watan Yunin 2023, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da daina sayar da kayansa kai tsaye a Najeriya, masu asma suka ga yadda kuɗin abin shaƙa ya yi tashin gwauron zabo. A nan Ingila kuwa, wanda ya kai 60 ba ya biyan fam 9.90 ɗin da sauran mutane ke biya a kan kowane magani. Sa hannu kawai zai yi a bayan takarda ya karɓi ledarsa.

Masu hangen Dubai ko Saudiyya su sani cewa kyautar asibitin gwamnati ta 'yan ƙasa ce. Dubai tana ba wanda ya kai 55 bizar ritaya ta shekara 5, amma da inshorar kansa zai zauna. Kamfanonin inshora kuwa halinsu ɗaya a ko'ina: kuɗin yana hawa da shekaru, ciwon da ka zo da shi sukan cire shi daga yarjejeniya ko su tsawwala masa farashi. Masar tana da likitoci da rangwame, shi ya sa jirage ke kwasar marasa lafiya daga Kano zuwa Alƙahira, amma zuwa a yi maka aiki ka dawo daban, zama da ciwo na shekara goma kana biya daga aljihu daban.

Kada a ɗauka ina cewa a zauna a Ingila a mutu ne. Nan ma akwai abin da ke sa hawaye. Jerin masu jiran aiki a asibitocin Ingila ya kai wajen miliyan 7.7 a 2023. Mutum ya yi wata da watanni yana jan ƙafa kafin a canza masa gwiwa. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne kula da tsoho. Magani kyauta ne, amma wanka, ciyarwa da juya mara lafiya a gado ba kyauta ba ne. Wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa, gidan kula da tsofaffi kuma a wurare da yawa ya wuce fam 1,000 a mako. Har gidan da ya yi rayuwa yana biya ana iya sa shi cikin lissafi. 'Yan'uwanmu masu aikin kula da tsofaffi sun san sauran labarin. Akwai ɗan akwatin mukulli manne a jikin bango, ma'aikaciya ta danna lamba ta buɗe, ta shiga ta yi rabin awa, ta haɗa shayi, ta ba da magani, ta rubuta a littafi, ta ja ƙofa. Daga nan sai talabijin har yamma. Ka ƙaddara Bahaushe ne a wannan kujerar, ciwon mantuwa ya cinye Turancinsa ya bar masa Hausar yarinta, yana neman buta zai yi alwala, babu mai gane abin da yake faɗa. A Zariya ko Maraɗi, ko babu komai, wani zai yi sallama ya ce, "Baba, ya jikin?"

Sai dai wannan gatan ma kada a ɗauke shi kamar yana ajiye yana jira. Gidan da ka bari shekara talatin ba shi za ka tarar ba. Iyaye sun rasu, ƙanne sun tsufa da nasu ciwon, 'ya'yansu suna fama da neman na tuwo. Naka 'ya'yan da aka haifa a Manchester ba za su bar aikinsu su biyo ka ba. Wanda ya riƙe zumunci tsawon shekarun nan zai samu masu ɗaga shi. Wanda sai a sallah ake jin muryarsa, ɗan aiki zai ɗauka ya biya. Sau da yawa kuma nauyin duka a kan uwargida yake sauka, ita ma da nata ciwon gwiwar, kuma ba kasafai ake tambayarta ko tana son komawar ba.

Shi ya sa nake ganin ciwon da ke jikin mutum ne ya kamata ya yanke hukuncin, ba kewar gida kaɗai ba. Mai hawan jini da ya lafa, yana da fasfo biyu da ajiyar da ya keɓe don asibiti, wadda ba ta gini ba ce ba ta auren 'ya'ya ba, ya koma abinsa, Allah ya sa albarka. Wanda ƙodarsa ta fara rauni ko aka taɓa yi masa aikin zuciya, ina roƙonsa ya sake tunani. Kafin a sayi tikiti, a ɗauki ledar magungunan nan a aika hotonsu gida, a ce wani ya shiga kantin magani mai rajista ya tambayo farashin kowanne na wata guda, da ko ana samunsa kullum. A kuma auna tafiyar da ke tsakanin sabon gidan da asibitin koyarwa mafi kusa, da daddare, da damina.

Da yawa suna zaɓar raba shekara, sanyi a gida, bazara a nan, kuma ga wanda jikinsa ke ɗaukar jirgi wannan ya fi mini kama da mafita. Amma shi ma da iyakarsa. Likitan unguwa ba ya rubuta maganin da ya wuce na wata 3 ga mai tafiya waje, kuma zaman naka a Ingila dole ya zama na gaske, da gida da adireshin da kake kwana. Masu barin sunansu a adireshin aboki alhali sun tare a Kaduna suna jefa kansu da abokin cikin matsala, kuma asibitoci suna tambayar shaidar zama kafin a fara jinya mai tsada.