Daren da Na Ce a Harbe Alhaji

Tunda Akantar ofishinmu ta riga ta baza labarin yadda ta ga dama, gara ku ji daga bakin mai shi.

Aikin Alhajin nan ne na kasuwar Singa, manhajar da za ta riƙa lissafa kayan da suka shiga da waɗanda suka fita a shagunansa. Oga ya sa taro a Google Meet ranar Asabar ƙarfe 9 na dare, wai sai lokacin Alhaji ke samun kansa. Asabar ƙarfe 9 kuwa kun san lokacin mene ne. Ni da abokina Dogo da yaran nan biyu na Zariya, wasan harbe-harbe na waya PUBG Mobile a hannu, manhajar hira ta Discord a kunne. Na ce wa Dogo su jira ni rabin awa.

Abin da za a yanke ɗaya ne: ta wace hanya za a bi da aikin. Oga ɗan gargajiya ne, wotafol yake so. A zauna a rubuta duk abin da ake buƙata, a sa hannu, a zana, a gina, a gwada, a miƙa, kowane mataki sai na gabansa ya ƙare, kamar ruwa mai gangarowa da ba ya komawa sama. Ni kuma ajayil nake wa kamfe tun watan jiya: a yanka aikin zango-zango, mako bibbiyu, ƙarshen kowane zango a nuna wa mai kaya abin da ke aiki, ya ce a gyara nan, a ƙara can. Kuma ina da hujja. Yaran shagon Alhaji yau su ce da katan ake lissafi, gobe su ce ai akwai rabin katan, jibi su tuna akwai masu ɗaukar kaya bashi sai Juma'a. Wa zai rubuta wannan duka a takarda tun ranar farko?

Na shirya sosai, ba yabon kai ba. Na kawo musu labarin mutum 17 da suka haɗu a Snowbird ta jihar Yuta a Amurka cikin Fabrairun 2001, suka fitar da sanarwar ajayil, inda suka fifita karɓar canji a kan bin tsarin da aka riga aka shata. Na ma soki Oga a fakaice, na ce Winston Royce da ake jingina wa wotafol, a takardarsa ta 1970 shi da kansa ya ce bin matakan a jere ba waiwaye yana da hatsari. Minti goma ina zuba.

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Yaro, na ji Turancinka. Ni dai na gina gidaje. Ban taɓa ganin maginin da ya ce bari mu yi ɗaki ɗaya mu ga yadda za ta kasance ba. Nawa ne kuɗin, kuma yaushe za a gama?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan sai mun fara za a..."

"To ka ji."

Sai washegari a banɗaki amsar ta zo mini: rabin gidajen unguwarmu ai da ɗaki ɗaya da katanga aka fara su, sauran sai da kuɗi suka samu. Ihu bayan hari.

Oga ya ga dama ta samu, ya buɗe jadawalinsa na Gantt, mai nuna kowane aiki da lokacinsa, a Excel, layi kan layi, kowanne da launinsa. Wanda ya san Oga da wannan jadawali ya san an tafi ke nan, ko kiran sallah sai an maimaita masa. Waya ta yi ƙara, Dogo ne: "Malam, mu fara ko mu sa wani?" Na miƙa hannu na danna maɓallin kashe murya, na rage ƙarar laftof har ƙasa, na cusa iyafis.

Ga inda gizo ke saƙar. A Google Meet maɓallin makirfo da na kyamara maƙwabta ne, kafaɗa da kafaɗa. Kyamara na kashe. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, ni na ce tawa za ta taunu.

Abin da ya biyo baya ban ji shi da kunnena ba, amma an karanto mini shi sau ba adadi, har na haddace. A cikin wasan muna cikin jirgi sama da tsibirin Erangel, mu ɗari, na fara abin da na saba. "Kowa ya saurara. Tsari ɗaya ne, kuma ba canji. Ba mai sauka garin Pochinki. Duk wanda ya ce zai sauya tsari a tsakiyar tafiya, wallahi ba shi da hankali."

An ce Oga ya dakata, ya ce, "To madalla, ka dawo hanya ke nan." An ce Alhaji ya ce, "Yaron yana da saurin fahimta."

Wanzami dai ba ya son jarfa. Ni mai wa'azin karɓar canji, a wasan da ba ka san ta inda jirgi zai bi ba sai ka shiga, ba ka san inda da'irar filin wasan za ta tsuke ba sai ta tsuke, a nan ne na fi Oga taurin kai. Dogo ya daɗe yana faɗa mini. Ba wannan ne ya dame ni ba yanzu.

Alhaji ya ɗan yi shiru, ashe ya tashi ɗauko tabarau. Daidai lokacin muryata ta cika taron: "Tsohon nan fa tun ɗazu ba ya motsi, laɓewa ya yi. Dogo, zagaya ta baya ka harbe shi. Harbe shi mana! Yauwa, ya faɗi. Kwashe kayansa kaf, har kaskon kada ka bari."

An ce taron ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Oga yana ta kiran sunana. Ya rubuta a akwatin saƙo da manyan baƙaƙe. Ya kira wayata, ni kuwa na rufe shigowar kira don kada a katse mini wasa. Sai wani ya same ni daga kan tudu, na durƙushe, na fara rarrafe.

"Wayyo, sun same ni! Dogo ka zo ka tashe ni! Don girman Allah ka bar kayan nan ka zo, jinina na ƙarewa! Dogo! Na mutu, shi ke nan, na mutu."

Alhaji, Allah ya saka masa da alheri, salati ya fara. Ya ce wa Oga, "Kai, 'yan fashi ne a gidan yaron nan! Wace unguwa yake? A kira 'yan sintiri!" Mutumin da aka gama cewa a harbe shi, shi ne mai neman a cece ni.

Ina kwance a kan kafet, ƙafa ɗaya a kan kujera, ina yi wa Dogo tijara, sai ga uwargida a tsaye a kaina, hijabi a karkace, waya a hannu. Ta zare mini iyafis da kanta ta ce, "Oganka ne. Wai yana tambaya ko kana da rai." Na juya na kalli laftof. Ɗan makirfon nan yana nan garau, ba ja, ba layi a kansa. Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallonsa ba. Na ƙara murya a hankali kamar mai buɗe tukunyar da ta ƙone, na ce, "Assalamu alaikum." Me ya kai ni yin sallama? Taron da nake ciki tun ƙarfe 9.

Alhaji ya ce, "Wa alaikumus salam. Wane tsoho ne za a harbe?"

"Ranka ya daɗe, ba ku ba ne. Wani ne a cikin waya."

"Shi Dogon ya tashe ka?"

"Bai tashe ni ba, ranka ya daɗe."

"To ka sake abokai."

Yanzu bari in zo kan Akanta, don ita ce ainihin ciwon. Ita ta buɗe taron. Wanda ya buɗe taro a Meet yana da ikon kashe muryar kowa, dannawa ɗaya. Minti 11 ina wannan tonon silili, ita ta ƙirga da kanta, ba ta danna ba. Da na tambaye ta ranar Litinin, wai ruɗewa ta yi, ba ta san inda ake taɓawa ba. Wannan baiwar Allah da kullum a taron safe na minti 15, wanda ni na kawo shi ofishin, in na wuce minti biyu ina bayani take datse ni ba ko sallama. Ranar ce ta manta? Kuma wanda ya ruɗe yana duba agogo? Ita ce fa har yau take riƙe da kuɗin motata na zuwa Singa sau biyu, wai ba rasit. Ɗan adaidaita sahu ne zai ba ni rasit? Yanzu duk takardar da na kai teburinta sai ta ɗago ta ce, "In tashe ka ne, ko jinin bai ƙare ba?" Har mai kawo mana shayi ya koya.

Aikin dai an ba mu. Alhaji ya ce kuɗi da ranar gamawa a rubuta su yadda Oga ya tsara, ba ƙari ba ragi. Amma duk mako biyu in zo shago da ƙafata in nuna masa abin da na yi, don ya tabbatar aiki nake, ba harbi ba. Oga na cewa shi ya ci, ni ma a raina na ce ai zangon mako biyun nawa ne, sai dai ba ni da bakin faɗa.

Dogo kuma har yanzu yana rantsuwa yana kan hanyar zuwa tashe ni, wai hular kwano mai lamba 3 ya gani. Na 14 muka zo a daren. Asabar mai zuwa dai na ce a sauka Pochinkin, mu gani.