Wa ke riƙe da mudun da ake auna maziyartan shafukanmu?

Assalamu alaikum jama'a.

Duk wanda ya buɗe shafi a intanet a yau, na labarai ne ko na karatu ko na sayar da atamfa da turaren wuta, akwai wani allo da yake leƙawa tun kafin ya karya kumallo, wato allon da ke nuna masa mutum nawa suka shigo jiya, nawa suka kalli bidiyonsa, nawa kuma suka tura wa wasu. A nan Zariya abin ya game gari, tun daga ɗaliban Samaru da Kongo masu shafukan bayanin jarrabawa da neman gurbin karatu, har zuwa 'yan kasuwar Sabon Gari da matan da ke sana'a daga cikin gidajensu a Tudun Wada da cikin Birni. Ni ban ga laifin ƙirga ba, hasali ma ina ganin duk wanda ya ɗauki aikinsa da muhimmanci dole ne ya ƙirga. Abin da ke damuna shi ne yadda muke karɓar waɗannan alƙaluma hannu bibbiyu ba tare da mun tambayi yadda aka same su ba, alhali an tsara hanyar ƙirgar ne bisa rayuwar mutanen da yanayin karatunsu ya sha bamban da namu, sannan mu ɗora manyan shawarwari a kansu, har da shawarar abin da za mu rubuta da harshen da za mu rubuta shi.

Ya kamata mu fara sanin abin da na'urar da ke wannan ƙirga take gani. Idan ka buɗe shafi, wayarka tana aika buƙata zuwa kwamfutar da ke ajiye da shafin, kuma tare da buƙatar akwai lambar adireshinka na intanet, da nau'in wayarka, da manhajar da ka shiga da ita, wani lokaci har da shafin da ka taso daga gare shi. A 1994 wani injiniyan kamfanin Netscape mai suna Lou Montulli ya ƙirƙiro ɗan guntun bayanin da ake kira kukis, wanda shafi ke ajiyewa a cikin burauzarka, wato manhajar da kake buɗe shafuka da ita, domin ya gane ta idan ta dawo. A 2005 Google ya sayi kamfanin Urchin, kuma a watan Nuwamba na wannan shekarar ya fitar da Google Analytics kyauta, wanda har yau ya fi kowane abin awo yaɗuwa a shafukan duniya. Duk ci gaban da aka samu daga wancan lokaci zuwa yau, na'urar ba ta taɓa ganin mutum ba, burauza take gani. Wanda ya duba shafinka da wayarsa da safe, ya sake dubawa da kwamfutar ofis da rana, mutum biyu ne a wurinta. Gidan da mutum takwas ke karɓa-karɓa da waya ɗaya kuwa, mutum ɗaya ne.

To, wannan na biyun shi ne halin da masu karatun Hausa da dama suke ciki. Ku je majalisa bayan sallar isha'i, a Ƙofar Doka ko a Kwarbai, za ku tarar da matashi ɗaya ya ɗaga waya yana karanta wa dattawa labari da ƙarfi, wannan ya ce a maimaita wurin da aka ambaci farashin taki, wancan ya ce a tura masa zuwa wayar ɗansa, mai shayi ma yana sheƙa shayinsa kunnensa na wurin. Mutum goma sun ji, sun tafka muhawara, wasu sun kai labarin gida, amma allon mai shafin ziyara ɗaya zai rubuta. Wannan ɗabi'a kuwa ba baƙuwa ba ce a garin nan. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939, kwafinta ɗaya yakan zaga hannuwa da yawa, kuma wanda ya iya boko yakan karanta wa waɗanda ba su iya ba, saboda haka yawan kwafin da aka sayar bai taɓa zama yawan waɗanda saƙon ya isa kunnensu ba.

Sai kuma hanyar da rubutu ke bi ya yaɗu a tsakaninmu. Mu mutanen WhatsApp ne. Idan aka jefa adireshin shafinka a zauren dangi ko na tsofaffin ɗalibai, wanda ya latsa yakan bayyana a allonka tamkar shi ya rubuta adireshin da hannunsa, domin manhajar ba ta cika sanar da inda ya taso ba. Wannan ma idan adireshin aka tura ke nan. Sau da yawa ana kwafe rubutun ne gaba ɗaya, ko a ɗauki hoton fuskar waya, ko wani ya karanta shi cikin saƙon murya saboda mahaifiyarsa ko kakarsa. Karatuttukan malamai da shirye-shiryen bidiyo kuwa, masu turi a kasuwa suna zuba wa mutane su a memori, daga nan su bi Xender da Bluetooth daga waya zuwa waya har ƙauyukan Giwa da Soba da Maƙarfi, ba tare da sun sake taɓa intanet ba. Babu ko ɗaya cikin wannan da zai hau allonka.

Inda na fi ganin alƙaluma sun ɓatar da mutane shi ne batun gari. Na'urar tana hasashen garin mai ziyara ne daga lambar adireshinsa na intanet, kamfanonin layin waya kuwa suna tattara masu amfani da yawa su fitar da su ta 'yan ƙofofi kaɗan da ke manyan birane, shi ya sa mai karatu yana zaune a Hanwa ko Ɗanmagaji amma allo ya nuna shi a Legas ko Abuja. Masu amfani da Opera Mini domin tattalin data kuma, shafin yana fara bi ta kwamfutocin kamfanin ne a matse shi kafin ya iso wayarsu, wannan ma yana iya dagula lissafin. Na ga matasa masu hazaƙa da suka dubi irin wannan taswira suka yanke hukuncin cewa masu karatunsu 'yan kudu ne, suka ajiye Hausa suka koma Turanci, suka rasa maƙwabtan da ke bibiyarsu, ba su kuma samu waɗanda suka yi zato ba. Wannan asara tana yi mini ciwo ƙwarai, domin rubutun Hausa mai amfani a intanet bai kai yawan da za a riƙa zubar da shi saboda kuskuren na'ura ba.

Kamar yadda awon ke tauye mu ta wannan gefe, haka yake kumbura ta wancan. Wani babban kaso na zirga-zirgar intanet ba na mutane ba ne, na manhajoji ne masu yawo da kansu suna tattara bayanai, har rahoton kamfanin tsaro na Imperva ya ƙiyasta shi da kusan rabin dukkan zirga-zirgar da aka yi a 2023. Manyan kayan awo suna tace waɗanda suka sani, amma ba duka suke kamawa ba. Ga kuma masu sayen mabiya, waɗanda za ka ga shafinsu cike da dubban sunaye amma idan suka yi tambaya babu mai amsawa, taron tsintsiya ba shara. Wanda ya ɗauki irin wannan adadi ya nuna wa mai shago domin ya karɓi kuɗin talla, ha'inci ya yi, ko da na'ura ce ta rubuta lambar.

Tambayar da ta fi kowace nauyi a wurina ita ce wa ke riƙe da mudun. A kasuwar hatsi mai saye yana tsaye yana kallon awo, yana iya cewa a sake, yana ma iya zuwa da nasa mudun. A dandalin sada zumunta kuwa, kamfanin da ke sayar maka da talla shi ne yake auna maka sakamakonta, shi ne kuma ya yanke abin da za a kira kallo. Facebook ya daɗe yana ƙirga bidiyo a matsayin wanda aka kalla da zarar ya yi daƙiƙa uku, ga shi kuma bidiyon yana kunna kansa ne yayin da kake wucewa. A watan Satumban 2016 kamfanin ya amsa cewa ya shafe kimanin shekara biyu yana kumbura matsakaicin lokacin da mutane ke ɗauka suna kallon bidiyo, saboda ya cire duk kallon da bai kai daƙiƙa uku ba daga lissafin, a 2019 kuma ya amince ya biya dala miliyan 40 domin sasantawa da masu ba da talla da suka kai shi kotu. Idan manyan kamfanonin talla na Amurka, da ƙwararrunsu da lauyoyinsu, sun yi tsawon wannan lokaci suna dogaro da awon da ba daidai ba, ina ga mai ɗinki a Tudun Wada da ta gutsuro daga 'yar ribarta ta biya a ɗaga mata talla?

Illar da ta fi wannan girma ita ce yadda adadi ke sauya halin marubuci. A 2018 YouTube ya gindaya sharaɗin mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin tasha ta fara samun kuɗin talla, kuma neman halal ta wannan hanya ba abin zargi ba ne ko kaɗan. Amma kowa ya ga abin da gaggawar cika adadi ta haifar. Mutum yana raye a liƙa hotonsa da kanun ta'aziyya, a yanko rabin maganar malami a haɗa shi faɗa da ɗan'uwansa, a ɗauki rigimar unguwa a sanya mata rigar addini. Irin wannan shi ke tara jama'a cikin awa guda. Wanda kuma ya zauna ya yi bayanin irin masarar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, ko yadda za a adana wake kada ƙwari su cinye shi, sai ya ga 'yan tsirarun lambobi gwiwarsa ta yi sanyi, alhali wataƙila manomi guda da ya karanta ya tsirar da amfanin gonarsa na shekara.

Shawarata ita ce kowa ya fara tambayar kansa dalilin da ya sa ya buɗe shafin, sannan ya zaɓi abin da zai ƙirga. Mai sayar da kaya ta ƙirga waɗanda suka yi mata magana, da waɗanda suka biya, da waɗanda suka dawo karo na biyu, ta kuma tambayi kowane sabon mai saye inda ya ji labarinta, domin wannan tambaya kaɗai tana tono abin da WhatsApp ya ɓoye. Marubuci ya dubi masu dawowa da masu kaiwa ƙarshen rubutu, ya kuma buɗe Google Search Console, wanda ke nuna ainihin kalmomin da mutane suka rubuta kafin su iso shafinsa. A wurina babu alƙaluman da suka kai waɗannan daraja, saboda su ne tambayoyin jama'a kamar yadda suka fito daga bakinsu. Makarantu da asibitoci da hukumomin da ke karɓar rajista ta intanet su ma akwai nauyi a wuyansu. Alƙalumansu suna iya nuna musu ranakun da cunkoso ke yawa, da matakin cike fom da mutane ke maƙalewa su haƙura, da tsawon lokacin da shafi ke ɗauka kafin ya buɗe a ƙaramar waya mai raunin sabis. Ɗalibin da ya wuni a shagon kwamfuta yana jiran shafin rajista ya buɗe, wahalarsa tana rubuce cikin waɗannan alƙaluma tun bara, da akwai mai dubawa.

Duk wannan yana da iyaka, domin bayanan mai ziyara amana ce. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokarta ta kare bayanai a watan Mayun 2018, kuma a 2022 hukumomin Faransa da Italiya suka yanke cewa yadda wasu shafuka ke amfani da Google Analytics ya saɓa mata, saboda ana kai bayanan mutane Amurka. A Nijeriya hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, wato NITDA, ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai a 2019, a watan Yunin 2023 aka sa hannu kan cikakkiyar doka wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, a Yulin 2024 kuma hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasar nan. Mu kuwa tun kafin waɗannan dokoki, aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana mu binciken sirrin juna. Kana buƙatar sanin mutum nawa suka karanta, amma ba ka buƙatar sunan kowa da lambar wayarsa, balle ka tara lambobin ka jefa masu su a zauren talla ba da izininsu ba. Akwai kayan awo irin su Matomo, wanda za ka iya ɗorawa a kan kwamfutar da ke riƙe da shafinka bayanan su zauna a hannunka, da Plausible wanda ba ya ajiye kukis a wayar kowa.

Kada kuma wani ya bar tarihin shafinsa a hannun kamfani kaɗai. A ranar 1 ga Yulin 2023 Google ya daina karɓar bayanai a tsohon tsarinsa na Analytics ya koma sabon da ake kira GA4, bayan shekara guda kuma ya rufe hanyar duba tsofaffin alƙaluman, wanda bai sauke nasa ba ya rasa su. Ku samu littafi ko fayil, duk ƙarshen wata ku rubuta 'yan lambobin da kuka zaɓa, ku rubuta a gefensu abin da ya faru a watan, ko an yi kwanaki babu wuta, ko ɗalibai suna hutu, ko azumi ne mutane suka koma duba waya bayan sahur, ku kuma ƙara da adadin waɗanda suka kira ku ko suka tare ku a hanya suka ce sun karanta.