Gajeren fayin na lambu ba daga iri ake samunsa ba

Masu sha'awar furanni da yawa suna zaton in suka tsinci ƙwallon gajeren itacen fayin (wato pine, itace mai ganye kamar allura) irin wanda ake kira Mops, suka shuka irin da ke ciki, za su sami irinsa sak: dunƙulalle, mai cunkoson ganye, da ƙyar yake kai mita 1. Abin ba haka yake ba.

Mops nau'i ne na Pinus mugo, fayin ɗin duwatsun Turai irin su Alps. A ƙasar Holan aka zaɓo shi saboda gajartarsa. Irin da ya fito daga jikinsa kuwa ya riga ya gauraya da na wasu itatuwa ta hanyar iska, don haka 'ya'yan sukan fito kowanne da kamarsa, wani ma ya yi tsawon da zai cinye ɗan fili.

Shi ya sa masu renon itatuwa suke yi masa aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Sukan yanko ɗan reshe a ƙarshen hunturu, su ɗaura shi a kan ƙaramin fayin mai ƙarfin saiwa. Aikin na cin lokaci, kuma shi ne dalilin tsadarsa.