Ranar da bututu ya tofa mini

Duk wanda ya turo mini hoton ɓera a WhatsApp makon nan na gani, kuma na rubuta sunansa. Tunda Injiniya, ƙanen Uwargida, ya ga dama ya sake tono bidiyon nan ya watsa a zauren dangi, bari in ba da labarin da bakina. Abin da kuka kalla daƙiƙa goma sha ɗaya ne kacal, ni kuwa sati uku na yi ina cin ƙwaƙwa kafin a kai wurin.

Kun dai san gidan, tsohuwar gonar nan da ke tafiyar rabin awa daga St. Cloud a Minnesota. Eriyar intanet ɗinmu a kan rufin tsohuwar barga take, don itatuwa sun rufe gidan, daga can ne kaɗai ake hango hasumiyar kamfani. Tsakanin bargar da gida ƙafa 230 ne, mita 70 ke nan, irin wayar kuma tana iya kai mita 100 ba ta gaza ba, saboda haka na shimfiɗa ta a kan ciyawa na ce na wucin gadi ne. Sai hunturun 2022 zuwa 2023 ya zo, wanda dusar ƙanƙara ta haura inci 80 a St. Cloud. A watan Janairu injin share dusa ya naɗe wayar kamar taliya, daidai lokacin da Uwargida ke gaisawa da Hajiya ta bidiyo. Na ƙulla, na naɗe da salatif. A Yuni injin yankan ciyawa ya maimaita. A Agusta 'yar gafiyar nan tasu mai tona rami ta ɗanɗana nata rabon. Uwargida ta ce, "Abban yara, ko dai a binne wayar nan, ko in koma gaisa da mahaifiyata da wasiƙa."

Na kira mai aikin, ya faɗi kuɗin da ya kusa tikitin Kano zuwa da dawowa. Na ce ni da na taso ina huɗar gero a ƙasar Dutsin-Ma, rami mai zurfin gwiwa zai gagare ni?

Ban yi aikin jahilci ba, wannan ina so a rubuta. A Amurka kafin ka soka shebur a ƙasa sai ka kira 811, kyauta ne, a jiharmu kuma ka jira awa 48 ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Ka fesa farin fenti a hanyar da za ka haƙa, su kuma su zo su kafa 'yan tutoci: ja na wutar lantarki, rawaya na gas, ruwan lemo na wayar sadarwa, shuɗi na ruwan sha, kore na ruwan bayan gida. Layin kamfanoni kaɗai suke nuna maka, abin da tsohon mai gida ya binne da hannunsa wannan kai da Allahnka. Na sayi bututun roba mai ruwan toka, na masu lantarki, mai tsawon ƙafa goma-goma guda 23, da gam, da gwiwoyi. Ƙa'idar masu lantarki ta ce irin wannan bututu a binne shi inci 18, na ce ni ma haka zan yi wa tawa wayar. Sanyin garin nan kuwa yana shiga ƙasa fiye da haka nesa: ginshiƙin gida ma sai ya nutse inci 42 a kudancin jihar, inci 60 a arewa, in ba haka ba ƙasa ta daskare ta kumbura ta ɗaga shi. Na karanta wannan, na gyaɗa kai, na wuce.

Na yi hayar injin yankan rami na kwana ɗaya. Minti goma ina tura shi gaba kamar baro, yana gurnani yana tirjewa, ni ina haɗa gumi a cikin Oktoba. Dattijon maƙwabcina mai jar tarakta yana jingine da shinge da kofin gahawa. Mutumin nan jikan mutanen Norway ne, shekara huɗu muna tare bai taɓa ce mini yi kaza ba. Sai dai ya kalli sama ya ce, "Da wani ne." Ranar ma haka ya yi. Ya kurɓi gahawarsa ya ce, "Da wani ne, da baya-baya zai riƙa tafiya da ita." Ashe injin da baya yake aiki, kai ma kana ja da baya. Na ce masa ai gwada ƙarfinta nake yi. Ya ce madalla.

To, Injiniya. Ku da ba ku sani ba, ku tambayi yayarsa a ina ya samo sunan. Zango biyu ya yi a kwalejin fasaha ya koma karatun kasuwanci, amma har yau in kwan fitila ya mutu sai ya yi maka lacca. Ya zo hutun kwana uku gidana, ga shi ana maganar wata na biyar a lokacin. Gudunmawarsa a aikin nan gaba ɗaya ita ce riƙe fulas ɗin shayi, fulas ɗina, da cewa, "Yaya, ni a ganina." Na haɗa bututu ya ce a ganinsa gam ya yi yawa. Na rage ya ce a ganinsa zai yi yoyo. Da muka zo kewaye ramin sokawe, na faɗa masa ƙa'ida ta hana lanƙwasa ta wuce digiri 360 tsakanin baki da baki, wato gwiwa huɗu, in ta wuce waya ba ta janyuwa. Ya ce wannan ƙa'ida an yi ta ne don ragwaye. Na san abin da zan yi, ban bi tasa ba, amma ku ji dai irin mutumin da nake ciyarwa. Safar hannuna ta fata da na saya don aikin, shi ya sa ta, wai fulas yana ƙona shi. Kuma duk hoton da ya tura gida a makon, shi ne a tsaye cikin rami riƙe da diga, har Hajiya ta bugo tana sa masa albarka tana cewa in riƙa taimaka wa yaron nan kada ya karye. Wannan maganar har yanzu tana nan a maƙoshina.

Na gama haɗawa, na mayar da ƙasa, na tattake. Saura zura igiyar da za ta jawo waya. Sai na ce gobe. Bakin bututun biyu suna tsaye suna kallon sama, ɗaya a jikin barga ɗaya a jikin gida, ban toshe ko ɗaya ba, alhali murfin bai kai kuɗin kofin gahawa ba. Aiki ya taso a asibiti, aka yi ruwan sama kwana biyu, sanyi ya biyo baya, daren 31 ga Oktoba dusa ta sauka. Goben nan tawa ta zama kwana tara.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci a St. Cloud, cikin farar shaddata da Uwargida ta sa aka ɗinko mini daga gida, na ɗora jaket a kai. Na ce aikin minti biyar ne, ba sai na canza kaya ba. Dabarar mai sauƙi ce: ka ɗaura 'yar leda a bakin igiya ka tura ta baki ɗaya, ka kafa injin zuƙe ƙura a ɗaya bakin, leda ta taho a guje tana jan igiya. Na kunna. Shiru. Na zura sanda a bakin da ke jikin gida, na ji ta bugi abu mai tauri. Ruwa ya taru, na wuyan bututu ya zama ƙanƙara.

Nan na juye buta biyu ta tafasasshen ruwa. Dattijo ya ƙetaro da injinsa na hura ganye ya ce da wani ne, daga can barga zai huro. Injiniya ya yi caraf ya karɓe, karon farko da ya ɗauki wani abu da ya fi fulas nauyi, ya miƙa wa ɗana wayarsa ya ce ya ɗauka don tarihi. Ya nufi barga. A tagar kicin kuwa baƙin Uwargida ne su uku, biyu sun taso tun daga Minneapolis, ɗaya maƙwabciyarmu 'yar Somaliya, kowacce da farantin waina a hannu.

Ya hura sau ɗaya, bututu ya yi wani ƙugi can ƙasa kamar cikin mai azumi, babu abin da ya fito. Ya kashe. Sai na ce bari in leƙa in ga ko ƙanƙarar ta narke. Na ɗaga murya na ce, "Tsaya!"

Shi dai har gobe rantsuwa yake "Tayar!" ya ji.

Ku dubi bidiyon da kyau. A daƙiƙa ta uku na durƙusa a kan gwiwa ɗaya, na tattare bakin shadda don kada dusa ta taɓa ta, wannan tattarewar ita ta fi ba ni haushi. A ta biyar na kashe ido ɗaya na kafa ɗayan a bakin bututu kamar mai duban wata. Dattijo yana bayana, za ku ji ya fara cewa, "Da wani ne," kuma za ku ga ya ja da baya taku biyu bai ƙarasa ba. Da ya ƙarasa! Shekara huɗu yana jan magana, ranar da nake bukatar ya yi sauri ma sai da ya ja. Ni kuma na juyo kaɗan, baki buɗe, ina cewa, "Ai babu komai a ci..."

Abin da ya fara zuwa iska ce mai wari, irin warin randar da aka manta da ita. Sai ruwa. Na farko mai ɗumi ne, nawa na buta, har na ɗan ji daɗi na rabin daƙiƙa. Na bayansa kuwa ruwan Oktoba ne da ya kwana tara a ƙasa, baƙi, da laka, da guntayen ƙanƙara kamar an watsa mini tsakuwa. Ya shiga ido, ya shiga hanci, ya shiga bakin da na buɗe da kaina. Hulata ta tashi, zanna-bukar ce, ta sauka a kan dusa tana juyi. Ledar ta biyo baya ta manne mini a goshi da igiyarta. Ban gama salati ba na ƙarshe ya iso. Ɓera. Ya shiga neman ɗumi ya gamu da ajalinsa, ya jiƙe sharkaf, ya bugi haɓata ya zame ya maƙale a wuyan jaket, wutsiya a waje.

Ban san ɓera ba ne. Na ɗauka laka ce, na sa hannu na ciro, na kawo shi kusa da idon da ya rage yana gani. Ƙarar da kuka ji a daƙiƙa ta tara, wadda ake ta gardama a zaure ko ta mace ce, tawa ce. Na amsa. A bar maganar.

Kuma Injiniya bai kashe injin ba. Daga mita 70 bai ga komai ba, sai hannuna da nake ta ɗagawa, ya ɗauka jinjina nake masa. Bututu yana ta furzar da sauran ruwa a ƙirjin shadda, ni ina durƙushe riƙe da gawa. Dattijo ya dube ni, ya dubi ɓeran, ya ce, "Uf da." Kalmar kakanninsa ce, suna faɗinta a mutuwa, suna faɗinta in gahawa ta zube, ban san a wane layi ya sa ni ba. Ya ƙara da cewa, "Igiya dai ta fito."

A taga babu kowa. Na ɗauka sun kawar da kai ne don kara, ashe zubewa suka yi a ƙasan kicin. Uwargida ta fito da tawul, ta cije leɓe har ya yi fari, ta ce, "Sannu, Abban yara. Wanka za ka yi ko alwala ta wadatar?" 'Yar Somaliyar nan ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, amma yanzu in mun haɗu a kanti sai ta ce mini "ɓera" da ɓ ɗinta daidai. Wani ya zauna ya koya mata. Na san ko wane ne.

Washegari muka ja waya, ta wuce sumul, na toshe bakunan biyu. Na zauna ina jiran hunturu ya zo in ga iyakarsa. Hunturun 2023 zuwa 2024 ya zama mafi ɗumi da aka taɓa rubutawa a Minnesota, aka yi Kirsimeti ciyawa a fili. Injin share dusa sau biyu na tayar da shi. Da wayar tana kwance inda take, babu abin da zai same ta.

Sai hunturun da ya biyo baya ne ƙasa ta daskare ta ɗago bututun ya tsage akwatin da ke jikin barga, don akwai wani haɗi mai zamewa sama da ƙasa da ake sawa a wurin, ni kuma na gan shi a kanti na ce ƙarin kashe kuɗi ne. Na naɗe da salatif. Shaddar ba ta koma fara ba, yanzu da ita nake shiga barga. Injiniya ya koma Minneapolis da fulas ɗina, ya ce a ganinsa kyauta na ba shi. In wani zai biyo ta wajensa kafin azumi, don Allah ya karɓo mini, mai murfi ja ne.